Gargaɗi Ga Masu Ɗaukar Buhu

Ya ku malamai da fatake, in kaka ta yi, buhunan dawa da gyaɗa kan fito daga Madachi zuwa kasuwannin Rano da Kibiya. To, ku saurara.

Ƙashin baya gaɓoɓi ne a jere, tsakaninsu akwai guringuntsi mai taushi kamar gammo. Biyar na ƙugu su suka fi shan nauyi. In mutum ya sunkuya ya sungumi buhu nesa da jikinsa, nauyin kan ninku a kansu, kamar yadda tulu kan gagari wanda ya miƙe hannu da shi. Wata rana sai gammon ya bullo ya danne jijiya, zogi ya sauka har ƙafa.

Ga dabara: matso kusa da buhu, ware ƙafafu, tsuguna, daidaita baya, tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu, juya da ƙafa.

A 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55. Buhunmu kuwa yakan kai 100. Alhaji, raba kayanka biyu. Malam, kada ka bari a ɗora wa almajiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya kiyaye, amin.