Ruwan Tiga: Masunci da Manomi Abu Ɗaya Suke Sha

Duk wanda ya hau dutsen da ke gefen Dam ɗin Tiga, inda aka gina otal ɗin Rock Castle, zai ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Can ƙasa a bakin ruwan ga bukkokin masunta, ga jiragen su a ɗaure, ga hayaƙin banda yana tashi.

A da babu wannan tafki. An fara ginin dam ɗin a 1971, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka gama a 1974. Kogin Kano aka tare a ƙasar Bebeji. Da ruwa ya taru, kifi ya yawaita, sai masunta suka zo suka kafa zango. Suna kama karfasa da tarwaɗa da kurungu.

Wannan ruwa bai tsaya a Tiga ba. Babbar kanal ce ke ɗauko shi, ya bi ta Ruwan Kanya, ya iso Kadawa da Garun Malam da Bunkure da Kura. Da shi ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Ke nan ruwan da masunci ya jefa taru a cikinsa, shi ne manomin Kura zai yi ban ruwa da shi.

Abubuwa uku ne ke cutar da dam. Na farko, zuba maganin ƙwari irin su Gamalin don a kama kifi. Yana kashe manya da ƙanana, kuma guba ne ga wanda ya ci kifin, da mutane da dabbobin da suka sha ruwan.

Na biyu, taru mai ƙananan idanu. Yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma sun yi ƙwai ba. Baɗi sai a rasa abin kamawa.

Na uku, sare itatuwa da yin noma dab da gaɓa. In damina ta zo, ruwa kan kwaso ƙasa ya zuba a dam. Dam ya cike, ruwan rani ya ragu.

Don haka wanda ya ga ana zuba magani a ruwa, ya sanar da sarkin ruwa ko mai unguwa ko malamin gona. Rigakafi ya fi magani.