Ruwan Da Ke Fita Daga Kan Nono: Hanyoyin Gane Sanadinsa

A Hausa kalmar nono tana ɗauke da ma'ana biyu, watau gaɓar jiki da kuma abin da ke fitowa daga cikinta. Saboda haka idan mace ta ce wa likita ruwan nono yana zubo mata, ba ta faɗa masa kome ba tukuna. Sai ya tambaya: wane launi ne, da kansa ya ke fita ko sai an matsa, daga nono ɗaya ko duka biyu, ta ƙofa guda ko ƙofofi da yawa?

Amsar nan ita ke raba hanya. In fari ne kamar madara, daga ɓangarorin biyu, ga macen da ba ta shayarwa, galibi ba a cikin nono laifin ya ke ba. A kan auna jini a duba yawan sinadarin furolaktin, sa'an nan a bincika magungunan da ta ke sha. Wanda ke tayar da hankali shi ne mai jini ko garau kamar ruwa, mai fita da kansa ta ƙofa guda. Mafi yawa wani ɗan tsiro ne marar cutarwa a cikin magudanar nono, amma a wasu kaɗan sankara ce.

Hoton mamogiram yana da amfani ga wadda ta wuce shekara 40, amma ƙaramin tsiro a bayan kan nono ya kan kuɓuce masa. Hoton sauti ya fi shi ganin cikin magudana, ga sauƙin kuɗi, kuma da shi a kan fara ga wadda ba ta kai 30 ba. Sai dai ingancinsa yana hannun mai riƙe da na'urar. Shafa ruwan a gilashi a duba a madubin likita shi ne mafi rauni, gama rashin ganin mugun ƙwaya ba ya wanke mace daga zargi.

Tsohuwar dabara ita ce a zura siririn bututu a ƙofar da ke zubar, a tura ruwan da ke fitowa a hoto. Tana nuna gurbin tsiron sosai, amma da ciwo, kuma in ƙofar ta bushe ran nan aikin ya tashi. Shi ya sa hoton maganaɗisu ya maye gurbinta a asibitoci da yawa. Wannan ba safai ya kan rasa sankara ba, amma fa ya kan nuna abin da ba cuta ba, ya jawo tsoro da ƙarin aiki, ga tsada.

Duk waɗannan nuni ne kawai. Hukunci sai an ɗebi tsoka an duba: ko da allura, ko a yanke magudanar guda, ko a cire manyan magudanun duka bisa hanyar da Hadfield ya bayyana a Ingila cikin 1960. Wannan ta ƙarshe tana hana shayarwa da nonon, don haka ba a gaggauta ta ga mai sauran haihuwa.