Ɗanka ya ce zai zama malamin jami'a a fannin ban ruwa? Kada ka yi saurin hana shi

A zangon Kumasi, mu masu sayar da albasa lissafinmu ɗaya ne: yaro ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa ta shekara guda, ya dawo ya karɓi shago. To, idan ya ce zai zarce digiri na biyu a injiniyancin ban ruwa, daga nan digirin digirgir, sai uba ya murtuke fuska. Ni dai ina bayan yaron, kuma dalilina yana cikin buhun da muke saukewa daga tirela.

Albasar Galmi da ta riƙe gidajenmu noman rani ce. Kafin ta nuna, hekta ɗaya kan sha lita miliyan 3.5 zuwa 5.5 na ruwa. A ban ruwan gargajiya, inda ake sakin ruwa ya bi kwalbati ya malale fage, kaso mai yawa yakan tsiyaye ƙasa ko rana ta shanye shi, manomi kuma ya riga ya biya kuɗin man inji. Da bututun da ke ɗiga ruwa a gindin shuka, kusan kashi 90 cikin 100 na isa inda ake so. Wanda ke auna wannan, ya gano yaushe rijiya za ta ƙafe, yaushe kanwa za ta taso ta kashe gona, shi ne mutumin da yaron yake son zama. Kuma sai an samu mai koyarwa kafin a samu injiniyan.

Makarantun ba su da nisa. Jami'ar UDS ta Tamale ta buɗe cibiyar WACWISA a 2019 da tallafin Bankin Duniya, tana ɗaukar ɗalibai har daga ƙasashen maƙwabta. Mai Faransanci yana da 2iE a Wagadugu da AGRHYMET a Yamai, wadda aka kafa a 1974 bayan babban farin Sahel.

Ban ce hanyar gajera ba ce. Shekara 4 digirin farko, 2 na biyu, aƙalla 3 na digirgir, kuma ƙarin girma sai da bincike da aka wallafa. Albashin ƙaramin lakcara, gaskiya, dillali mai rufin asiri ya fi shi a kakar albasa. Shi ya sa nake cewa iyaye su tambayi abu biyu kafin su amince: akwai tallafin karatu? Binciken a gona za a yi shi, ko a ofis?

Aikin kuwa yana nan jibge. Kusan duk damina idan aka buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, ruwa na cinye gonaki a arewacin Ghana. Watanni kaɗan bayan haka, ƙauyukan nan ne ke neman ruwan da za su ba tumatir, mu kuma muna tura motoci Burkina mu sayo.