Yadda Ake Wanke Takalmi Mai Taɓo, Da Yadda Ake Kiyaye Ƙafa

Kowace shekara bayan kaka, samari da magidanta daga ƙasashen Tawa, Maraɗi, Damagaram da Katsina sukan tafi ci-rani Abijan, babban birnin kasuwanci na ƙasar Kodebuwa. Da yawansu a Ajame suke sauka, inda manyan tashoshin mota da babbar kasuwa suke. Waɗansu kuma suna Tireshbil, kusa da tashar jiragen ruwa. Akwai masu talla, da masu dako, da masu tura amalanke, da masu sayar da garba, wato atceke da soyayyen kifi. Dukansu da ƙafa suke neman abinci. Ranar da ƙafa ta ƙi takawa, ranar babu ciniki, babu abin aikawa gida. Wannan bayani domin mai shirin tafiya ne, da kuma iyalinsa. Mai zama a gida ma zai amfana da shi idan damina ta faɗi.

Ruwan Abijan ya fi namu

A Maraɗi ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 da yawa ba. A Abijan yakan kai sau uku na wannan, ko fiye. Damina biyu suke yi. Babbar tana ƙarfi daga Mayu zuwa Yuli, ƙaramar kuma a Oktoba da Nuwamba. Watan Yuni shi ne mafi ruwa. A Yunin 2018 ambaliyar dare ɗaya ta kashe mutum 18 ko fiye a birnin. Ko a ranar da ba a yi ruwa ba, iskar garin tana da laima, domin birnin yana bakin teku da tafkin Ebiriye. Rigar da za ta bushe kafin azahar a Kano takan kwana da danshi a can.

Taɓon kasuwa kuma ya bambanta da taɓon gona. Idan kwalbatoci suka cika suka tumbatsa, sukan kwaso ruwan bayan gida, da fitsarin ɓera, da ruɓaɓɓen kayan miya, da ƙusoshi da fasassun kwalabe. Duk wannan yana shiga takalmi.

Me jiƙaƙƙen takalmi yake jawowa?

Yawancin matasa kambas suke sawa, wato takalmin gudu mai yadi da soso, sau da yawa na gwanjo, wanda mutanen Abijan suke kira yugu-yugu. Kambas yana da daɗin tafiya, amma yana shan ruwa yana riƙewa. Ƙafar da ta wuni cikinsa a jiƙe, fatarta takan yi fari ta yi laushi, ta tsage da wuri.

Abu na farko da yake biyo baya shi ne ƙaiƙayi da ruɓewar tsakanin yatsu. Wani ƙwayar cuta ne dangin fumfuna yake kawo shi, mai son ɗumi da danshi da duhu. Yana iya zama cikin takalmi makonni da yawa. Shi ya sa mutum zai shafa magani ya warke, ya koma cikin takalmin nan, ciwon ya dawo.

Na biyu, tsagar da ke tsakanin yatsu ƙofa ce. Ta nan waɗansu ƙwayoyin cuta suke shiga, ƙafa ta kumbura ta yi ja, zazzaɓi ya zo. Ta rauni kuma cutar sarƙe-haƙora take shiga daga ƙasa. Akwai kuma zazzaɓin da ake ɗauka daga ruwan da ɓera ya yi wa fitsari. Yakan fito bayan mako 1 ko 2, da ciwon kai, da ciwon sha-raɓa, wani lokaci idanu su yi ɗorawa. Mutane sukan ɗauka zazzaɓin sauro ne.

Kada wannan ya sa a koma tafiya ba takalmi. Ƙananan tsutsotsin ciki masu shan jini ta fatar ƙafa suke shiga, daga ƙasar da aka yi bayan gida a kai. Takalmi kariya ne. Abin da ake so shi ne ya zama da tsabta, ya kuma bushe.

Yadda za ka wanke kambas

1. Idan akwai hali, bari taɓon ya ɗan bushe. Ka buga ƙasan takalman biyu da juna a waje, taɓon ya zube. Ka sa tsinke ka ƙwaƙule abin da ya maƙale a ƙasa. A nan ne za ka gane ko ƙusa ko kwalba ta huda shi.

2. Zare igiyoyin, ka ciro shimfiɗar ciki. Ka wanke su dabam. A ƙarƙashin shimfiɗar nan ne yashi da wari suke taruwa.

3. Zuba ruwa mai tsabta a bokiti, mai sanyi ko mai ɗan ɗumi. Kada ka ɗebi ruwan kwata ko na tafki. Ka sa sabulu ko omo kaɗan. Ruwan zafi yana sakin gam ɗin da ya riƙe ƙasan takalmi.

4. Ka goge da burushi mai laushi, ciki da waje. Tsohon burushin goge baki yana shiga lungun yatsu sosai. Kada ka jiƙa takalmi ya kwana cikin ruwa.

5. Ka ɗauraye har kumfa ta ƙare. Sabulun da ya rage yana cin fata, musamman sabulun soda mai ƙarfi irin wanda ake kira kabakuru.

6. Matse ruwan da hannu, ko ka danna tsumma mai tsabta a ciki. Kada ka murɗa shi kamar riga.

7. Ka wanke hannunka da sabulu idan ka gama. In kana da ciwo a hannu, ka rufe shi da leda kafin ka fara.

Shanya ita ce rabin aiki

Ka cusa tsohuwar jarida ko takarda cikin takalmin, ta tsotse ruwan. Idan ta jiƙe ka canja wata, sau 2 ko 3. Ka buɗe bakinsa sosai, ka jingina shi inda iska take wucewa, dunduniya a ƙasa, ko ka rataye shi kusa da fanka. Shimfiɗar ciki da igiyoyi da safa, ka shanya su a rana. Takalmin kansa yana iya shan rana ta ɗan lokaci, amma kada ya wuni kan kwanon rufi mai zafi. Kada ka kusa da shi da murhun gawayi ko wutar mai shayi. Zafi yana ƙanƙance soson, takalmi ya lanƙwashe ya fara cin ƙafa. Kada kuma ka ɗaure shi cikin leda yana jiƙe.

A daminar Abijan kambas yakan ɗauki kwana 2 kafin ya bushe. Saboda haka takalmi ɗaya ba ya isar mai aikin yawo. Ba sai ka sayi kambas na biyu ba. Takalmin roba mai maɗauri, wanda ake kira leke, yana da araha a Ajame, shi ne yaran motar gbaka suke sawa. Ana ɗauraye shi ya bushe nan da nan. Ranar ruwa ka sa shi, ka ajiye kambas. Sai dai leke a buɗe yake, ba ya tare ƙusa daga gefe. Mai dako a wurin ƙarafa ko katako, takalmin ruwa mai tsawo ya fi masa.

Idan ka sayi na gwanjo, ka wanke shi kamar yadda aka faɗa kafin ka sa. Kada ku yi aron takalmi ko safa a ɗaki, ko da ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Kula da ƙafar kanta

Kowane dare ka wanke ƙafa da sabulu. Ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, haka ma bayan wanka ko alwala, kafin ka mayar da takalmi. Ka mallaki safa 2 ko 3 na auduga, kana canjawa kullum. Idan kana zaune a rumfa, cire takalmi ƙafa ta sha iska.

In ƙaiƙayi ya fara, je ɗakin magani ka nemi man shafawa irin su kulotirimazol ko mikonazol. Ana shafawa safe da yamma, mako 2 zuwa 4, ko da ƙaiƙayin ya daina tun farko. Kada ka shafa man sa fari da ake sayarwa a tire, yana kwantar da ƙaiƙayi amma cutar tana ƙara yaɗuwa. Kada ka zuba kananzir, ko baƙin mai, ko ruwan batir.

Mai ciwon suga, da wanda ya taɓa yin kuturta, ƙafarsu ba ta jin zafi sosai. Tsakuwa za ta iya huda su ba su sani ba. Su riƙa zazzage takalmi, su shafa cikinsa da hannu kafin su sa, su kuma duba tafin ƙafa kowace rana. A ƙauye ma zazzagewa tana fitar da kunama.

Yaushe za a je asibiti?

Kada a jira idan ƙafa ta kumbura ta yi ja tana zafi, ko mugunya tana fita, ko ƙaluluwa ta fito a matse-matsi. Haka nan idan ƙusa ta soke ka, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a je a yi allurar rigakafin sarƙe-haƙora ran nan. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan ka shiga ruwan ambaliya, ka gaya wa likita ka shiga ruwa, domin maganinsa dabam ne da na zazzaɓin sauro. Akwai ƙananan asibitoci a unguwanni, akwai kuma babban asibitin koyarwa a Tireshbil.

Iyaye da matan aure, idan kuna haɗa wa mai tafiya guzuri, ku sa masa sabulu, da safa, da tsohon burushi cikin jaka.  Idan kun yi waya kuna tambayar ciniki, ku tambaye shi lafiyar ƙafarsa. Allah ya ba mu lafiya.