Gado a hannun mai ƙaramin ƙarfi: yadda za a riƙe shi kada ya narke kafin damina

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa, da wuya mamaci ya bar miliyoyi a banki. Abin da aka saba gani shi ne gonar tudu ɗaya ko biyu, ƴar garka a fadama idan Allah ya sa akwai, gidan ƙasa, awaki da tumaki, jaki da amalanke, sai sauran hatsin da ke cikin rumbu. Wani lokaci a samu babur ko injin ban-ruwa. Dukiya ce wadda idan tana haɗe takan ciyar da gida na mutum goma, amma idan aka yanka ta kashi bakwai ko takwas, kowane kashi ba ya kai mai shi ko'ina sai da dabara. Kuma ga akasarin magada, wannan ne karo ɗaya tak a rayuwa da jari zai shigo hannunsu ba ta hanyar bashi ba.

Kafin a yi maganar juya kuɗi, sai an san mene ne gadon shi kansa, domin nan ne ɓarnar farko take faruwa. A mazhabar Malikiyya da ake bi a nan, akwai jeri: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, a zartar da wasiyyarsa muddin ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku ba kuma ba magaji aka yi wa ita ba, sannan a raba abin da ya rage. Bashi ya haɗa da sauran sadakin da bai cika wa matarsa ba, da kuɗin da wani ɗan kasuwa ya ba shi tun albasa tana garka, da hatsin da ya ranta lokacin da rumbu ya ƙare. Haka kuma abin da ba nasa ba ne ba ya shiga rabo: awakin matarsa nata ne, ajiyar da maƙwabci ya ba shi ta maƙwabci ce. Rigimar da ta fi yawa a Adar ita ce ta kuɗin ƴan biɗa. Ɗa yana Abijan ko Libiya shekara da shekaru yana aiko kuɗi, uba ya sayi sa ko ya ƙara gona. Kyauta ce ya yi wa ubansa, ko ajiya ya ba shi? Idan ba a faɗa a gaban shaidu tun uban yana da rai ba, ranar rabo sai zumunci ya ji jiki.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce magidanci ya rasu, an yi wa duk abin da ya bari kuɗi ya kama miliyan 2 na sefa. Jana'iza da basussuka sun ci jika 400, saura miliyan 1 da jika 600. Iyayensa sun riga shi rasuwa, ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2 da mata 3. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas: jika 200. Da mata biyu ne, wannan jika 200 ɗin za su raba, ba kowace da nata tumunin ba. Sauran miliyan 1 da jika 400 a kasa shi 7, tunda namiji yana ɗaukar rabon mace biyu: kowane ɗa jika 400, kowace ɗiya jika 200. Dukiyar da ake gani da girma ta koma abin da bikin aure ɗaya zai iya lashewa. Wannan misali ne kawai. Da zarar akwai uwa ko uban mamacin a raye, ko babu ɗa namiji, lissafin ya canja, don haka malamin da ya karanci ilimin rabon gado ake nema, ba duk mai rawani ba.

Akwai kuma kashe kuɗin da ake yi kafin rabo, wanda ba kowa ke son a taɓo shi ba. Sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, abincin ƴan gaisuwa da suka zo daga nesa, duk sau da yawa daga rumbun mamacin da garkensa ake ɗiba. Wanda ya balaga yana da ikon yin sadaka da rabonsa yadda ya ga dama. Amma idan akwai marayu ƙanana cikin magada, ragon da aka yanka akwai haƙƙinsu a ciki, kuma ba a tambaye su ba. Gidan da ya rage taro ya bar wa yara hatsin da zai kai su kaka bai yi rowa ba.

Sai takardu. Mutane da yawa suna ganin zuwa ofishin magajin gari neman takardar mutuwa ɓata lokaci ne, sai ranar da ake bukatarta. Idan wa'adin sanarwa ya wuce, sai an bi ta kotu, da kuɗin mota da jeka-ka-dawo. Idan mamacin ma'aikaci ne, haƙƙin matarsa da marayunsa a CARENI ko CNSS ba ya fita sai da ita, tare da takardar aure, takardun haihuwar yara, da takardar zaman dangi da kotu ke tabbatarwa, wadda ake kira conseil de famille. Haka idan ya bar wani abu a banki ko a asusun ajiya. A Nijar doka ta bar maganar gado a hannun al'adar masu shari'ar, kuma sarakunan gargajiya suna da ikon sasantawa. Abin da aka daidaita a gaban maigari ko sarkin kanto, a nemi a rubuta shi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Gona ce zuciyar maganar, kuma a kanta ya kamata a daɗe ana shawara. Wanda ya san Adar ya san cewa ba duk eka ba ce eka. Tudun da ke cike da duwatsu daban, ƙasar kwarin Majiya ko ta Tarka daban. A kwarin Majiya, wajen Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE don tare iska sun ƙara wa gonaki daraja. A Keita, babban aikin farfaɗo da ƙasa da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da hukumar FAO, wanda mata suka ɗauki kaso mai yawa na wahalarsa, ya mayar da faƙo da yawa wurin da ake shuka. Filin da kakanni ba su ɗauke shi bakin komai ba, yau ana iya zuwa kotu a kansa. Saboda haka rabo da igiya kawai, ba tare da duba ruwa, da itatuwan gawo, da nisan gonar daga gari ba, zalunci ne da ake yi da sunan adalci. A yi wa kowace gona kuɗi tukuna, ta bakin mutanen da suka san farashin wurin kuma ba su da rabo a ciki.

Idan gonar ƙarama ce, yanka ta gida bakwai yana nufin babu wanda zai samu abin da zai cika rumbu. Akwai hanyoyin da suka fi. Magada suna iya sanin rabon kowa a rubuce amma su ci gaba da noma ta a haɗe kamar gandu, a raba amfanin da kaka gwargwadon kason kowa bayan an cire wahalar wanda ya noma. Ko wanda ke zaune a gari ya sayi kason ƴan'uwansa da ke Yamai ko Abijan, ya biya a hankali cikin kaka biyu ko uku. Ko a ba da ita haya. Abin da ba ya haifar da ɗa mai ido shi ne a bar ta haka nan ba rabo ba rubutu, “tana hannun yaya”, har shekara ashirin. Yayan zai rasu, ƴaƴansa su tashi da sanin gonar ubansu ce, kuma shaidun farko duk sun kwanta dama.

Mata ne suka fi cutuwa da wannan. A garuruwa da yawa ana ba ɗiya akuya ko ƴan kuɗi a ce gona ta maza ce, wai kada ƙasar gida ta koma gidan miji. Addini bai ce haka ba. Ayoyin gado da ke cikin Suratun Nisa'i ba su ware gona daga sauran dukiya ba. Dokar ƙasa ma ba ta ce haka ba: kundin dokokin karkara na 1993, wato Code rural, ya amince da mallakar gona ta hanyar gado, kuma hukumomin filaye da ya kafa, Cofob a ƙauye, Cofocom a ƙaramar hukuma, Cofodep a gunduma, suna ba da takardar shaidar mallakar gargajiya, da ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya da ta jingina. Macen da ta ga ba za ta iya noma kasonta ba tana iya barin sa a hannun ɗan'uwanta da takardar aro. Zumunci bai ɓaci ba, gonar kuma tana nan da sunanta ranar da aure ya mutu ko miji ya rasu. A yankin da maza ke tafiya biɗa rabin shekara, mata ke riƙe da gida, wannan takarda ba ƙaramin abu ba ce.

Jingina kuwa a yi hattara da ita. Tana kama da mafita, tunda ba a sayar ba, amma wanda ya karɓi kuɗin ya rasa amfanin gonar da zai fanshe ta da shi. Gonaki da yawa ta wannan ƙofa suka fita daga gida, ba su dawo ba.

To, wanda kasonsa ya zo a kuɗi, jika 200 ko 400, me zai yi? Abu na farko shi ne ya yi shiru. Ranar da aka ji an raba gado, masu neman rance, da dillalai, da abokin da ke da “wata harka mai riba” duk za su bayyana. A garuruwan bakin iyaka kamar wajen Bangi, inda matsalar ƴan bindiga da satar bisashe ta addabi jama'a a shekarun nan, surutu kan kuɗi yana iya jawo abin da ya fi rance muni. Na biyu, ya biya bashin da ke kansa mai tsada, musamman irin wanda ake biya da albasa ko hatsi a farashin kaka. Na uku, ya tanadi cimakar gida tun hatsi yana da araha. Wanda bai yi haka ba, duk jarin da ya kafa zai cinye shi a watan Yuli ko Agusta, lokacin da tiya ta yi tsada kuma bisashe suka faɗi.

Abin da ya saura shi ne jari, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: sana'ar da ka sani, ko wadda kake da mai nuna maka ita a gida. Mutumin Sabon Gida ko Tunfafi da ya tashi cikin albasa ya san cewa farashi yana faɗuwa lokacin da kowa ya kwashe a bazara, ya tashi bayan watanni. Jarin da zai ba shi damar ƙin sayarwa da wuri, ya zuba a rudu, yana iya fin sabon babur amfani. Sai dai albasa tana ruɓewa a ajiya, wani lokaci da yawa, don haka ba a zuba duka a nan. Babur na kabu-kabu yana kawo kuɗi kullum, shi ya sa yake ruɗar samari, amma darajarsa raguwa take tun ranar da aka saye shi. Wanda ba ya ware kuɗin gyara da na sayen wani, bayan shekara biyu ba babur ba gado. Ga mace mai jika 200, jajayen awaki biyu ko uku masu yawan haihuwar tagwaye, da rago ɗaya na turke don Babbar Salla, da ɗan abin da za ta riƙa zubi da shi a ƙungiyar Mata Masu Dubara, tsarin asusun da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun fi a tara komai a kan saniya ɗaya. Waɗanda suka ga farin 2005 da na 2010 sun san yadda babbar dabba ke zama kaya idan ciyawa ta ƙare.

Ajiyar tsabar kuɗi ma tana da nata haɗari. Nan kusa da Najeriya wasu sun saba ajiya da naira. Canjin takardun naira a ƙarshen 2022 da farkon 2023, da faɗuwar darajarta tun daga tsakiyar 2023, sun cinye ajiyar mutane da yawa ba tare da ɓarawo ya shiga ɗaki ba. Dattawa kuma ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Wanda zai kai kuɗinsa wani asusun ajiya da lamuni ya tambayi ko yana da izinin ma'aikatar kuɗi, ya kuma karɓi takarda a kan kowane zubi. Duk wanda ya yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya, ta salula ko baki da baki, a bar shi da alƙawarinsa.

Sayar da gona don kuɗin mota zuwa Libiya ko Aljeriya ita ce cacar da ta fi kowace zafi. Biɗa tsohuwar al'ada ce a Adar, ta gina gidaje da yawa a Tamaske da Keita, babu mai musun haka. Amma mai tafiya da gonarsa a baya yana da wurin komawa. Wanda ya sayar ya tafi, aka kwaso shi aka zube a Assamaka kamar yadda ake yi wa dubban mutane, ya dawo gida ɗan ƙwadago a gonar da ubansa ya noma.

Kason marayu amana ce a hannun wanda aka ɗora wa riƙonsu. A ƙirga shi a gaban shaidu, a rubuta, a ajiye kwafi a wurin mutum biyu. Idan bisashe ne a san adadinsu da alamarsu, idan gona ce a fitar mata da takarda da sunan yaran. Akwai kuma jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa: muddin kakan ya bar ɗa namiji a raye, ba su da kaso a rabon. Dattijon da ke son su samu wani abu, hanyarsa ita ce wasiyya cikin ɗaya bisa ukun nan, ko kyauta tun yana da lafiya. Kyautar kuma ba ta tabbata da faɗa da baki kawai. Sai an damƙa, wanda aka ba ko waliyyinsa ya karɓa ya fara amfani da ita kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Idan gona ce, Cofob tana da takardar kyauta da ake cikawa a gaban maigari da shaidu.