Bayani Ga Hakimai Da Malamansu A Kan Eriyar Na'urori Masu Sim

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, na'urori masu aiki da sim sai ƙaruwa suke yi a ƙasar Katsina. Akwai POS ta cirar kuɗi, da akwatin intanet na ofis ko asibiti, da BVAS wadda aka yi zaɓen 2023 da ita. Kowace ɗayansu tana da 'yar waya a ɓoye a cikinta, ba madannai, ba allo, aikinta kawai ta yi magana da ƙarfen sabis. Wannan 'yar waya kuwa ba ta ji, ba ta faɗa, sai ta hanyar eriya. Sau da yawa akan ce na'ura ta lalace alhali lafiyarta lau, eriyar ce ba ta dace ba, ko kuwa an ajiye ta inda bai kamata ba. Wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya san abin da tsayawar POS guda ke jawo wa kasuwar ƙauye.

1. Tsawon eriya

Saƙon waya yana tafiya cikin iska kamar igiyar ruwa, kowane zango kuwa da tsawon igiyarsa. A Nijeriya layin kira yana bisa zangon megahaz 900 da 1800. Igiyar zangon 900 tsawonta kamar santimita 33 ne, ta 1800 kuwa kamar 17. Eriya mai kama da sanda takan yi aiki sosai idan tsawonta ya kai rubu'in igiyar, watau kamar santimita 8 ga na fari, 4 ga na biyu. Saboda haka girman eriya ba shi ne ƙarfinta ba, dacewa da zango ita ce magana. Kafin a saya, sai a duba takardar na'urar da ta eriyar, a tabbata lambobin zangonsu sun yi daidai. Ƙaramin zango ya fi cin nisa, ya fi kuma ratsa bango, don haka shi ne abin dogara a karkara.

2. Iri biyu

Eriyar sanda tana ji daga kowace fuska, amma ba ta cin nisa, kuma a tsaye ake kafa ta, ba a kwance ba. Ita ta isa a cikin birnin Katsina, inda ƙarafan sabis suke kusa da juna. Ta biyu ita ce mai kama da ƙashin kifi, irin ta talabijin da ake gani bisa gidaje. Sunanta Yagi, gama waɗansu malamai biyu na ƙasar Japan, Yagi da Uda, su ne suka ƙago ta a 1926. Wannan fuska ɗaya take ji, amma daga nesa. Ita ta dace da ƙauyen da ya yi nisa da ƙarfe. Akan juya ta kaɗan kaɗan ana duban alamar sabis, inda ya fi ƙarfi sai a ɗaure. A garuruwan bakin iyaka, kamar wajen Jibiya, sai a lura a fuskantar da ita ga ƙarfen gida, kada ta kama na Nijar.

3. Wurin kafawa

Mutanen da suka gina hasumiyar Gobarau sun san muryar ladan ta fi kai wa nesa daga bisa. Haka al'amarin eriya yake. Dutse da tudu da kaurin katanga duk suna rage saƙo, amma babban abokin gabansa ƙarfe ne, domin yana mayar da shi baya kamar yadda madubi ke mayar da haske. Na'urar da aka kulle cikin akwatin ƙarfe, ko cikin shagon kwano, ta zama kurma. Idan eriyarta a ciki take, sai a ajiye ta kusa da taga, kada a jingina ta da ƙarfe. Idan tana da wurin ɗaura eriyar waje, sai a fitar da eriyar bisa sanda, ta ɗara rufin.

4. Igiya

Igiyar da ke haɗa eriya da na'ura tana shan saƙo, kowane taku da abin da yake ci. A taƙaita ta iyakar iko. Har wa yau igiyar waya mai om 50 ce, ta talabijin kuwa 75, kada a musanya su don neman araha. A naɗe mahaɗin da kyau saboda ruwan damina da ƙurar hunturu. Sanda mai tsawo lalle ne a nisantar da ita daga wayar lantarki, a kuma sa mai gyara ya yi mata hanyar sauke tsawa zuwa ƙasa.

5. Gargaɗi game da busta

Eriya dabam, busta dabam. Eriya tana tattara saƙo ne kurum, busta kuwa tana ƙara masa ƙarfi ta watsa, wanda in ba gwani ne ya kafa ta ba takan toshe wa maƙwabta sabis. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta hana kowa kafa ta ba da izini ba. Garin da sabis ya yi masa rauni, hanyar da ta dace ita ce a rubuta wa kamfanin layin, in ba a biya bukata ba a kai kuka ga Hukumar.

Ana roƙon hakimai su karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani. Malamai kuma su rubuta ƙauyukan da ba su da sabis, da layin da ya fi kamawa a kowane wuri, domin kada a kashe dukiyar jama'a wajen sayen na'urar da ba za ta yi magana ba.