Madubi Mai Araha Da Labarin Tekun Da Ta Taɓa Kwanciya A Arewa

Duk direban da ya saba bin hanyar Suleja zuwa Minna ya san Izom, garin nan na gefen kogin Gurara a Jihar Neja. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a nan aka kafa ɗaya daga cikin tashoshin tura ɗanyen mai na bututun da aka shimfiɗa daga Warri zuwa matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Shi kuwa man da aka yi bututun dominsa, ba da sa'a kaɗai ake gano shi ba. Cikin abubuwan da ke nuna wa masu haƙa hanya har da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɓawo na halittun ruwa da suka mutu tun zamanin da babu mai iya tunawa, suka sandare cikin dutse. Galibinsu ba su kai girman ƙwayar gero ba.

A da, in mutum yana son ganin waɗannan abubuwa sai ya shiga ɗakin bincike na jami'a ko na kamfanin mai, inda ake kulle madubin ƙara girma a kabad kamar zinariya. Yanzu kuwa an sami wani ɗan madubi mai kyamara a cikinsa, tsawonsa kamar na ƙaramar tocila, ana haɗa shi da kwamfuta ko wayar hannu, hoton ya fito a fuskar allo. Masu araha a cikinsu ana sayar da su a kasuwannin duniya tsakanin dala 20 zuwa 50, kuma irin kayan nan ne da ke shigowa kasuwannin kayan lantarki kamar Alaba da Ikeja. Akwai masu tsada irin su Dino-Lite na ƙasar Taiwan. Akwai ma wani na takarda, Foldscope, wanda Manu Prakash da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford a Amurka suka bayyana a 2014, kuɗin kayan haɗa shi bai kai dala 1 ba, yana ƙara girman abu sau 140, ana kuma iya manna shi a kyamarar waya.

To, amma wanda ya sayi madubin ya ɗebo duwatsun Izom yana neman ɓawon halitta zai sha wahalar banza. Duwatsun wannan yanki, har da Dutsen Zuma na kusa da Suleja, tsofaffin duwatsu ne da suka narke ko suka gasu a can cikin ƙasa, kuma irinsu ba sa riƙe gawar komai. Abin da zai gani shi ne ƙyalƙyalin ma'adinai. Sai an nausa yamma, wajen Agaie da Bida, sannan ƙasa ke sauyawa ta zama dutsen yashi da laka mai falle-falle, watau abin da ruwa ya kwantar. Wannan shi ne masana ke kira kwarin Bida, wanda ya miƙa har Lokoja.

Inda abin ya fi yawa a Arewa kuwa shi ne ƙasar Sakkwato. A lissafin masana ilmin ƙasa, kimanin shekara miliyan 70 zuwa 60 da suka wuce teku ta sha malalowa daga arewa, ta ratsa inda hamadar Sahara take a yau, ta Mali da Nijar, ta kwanta a kan Wurno da Goronyo da Dange da Kalambaina. A 1930 wani Baturen Birtaniya, W. E. Swinton, ya yi bayanin ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka samo a lardin Sakkwato. Bayan shekara 40 waɗansu masana daga Fulorans ta Italiya suka zo suka sami ƙarin ƙasusuwanta a ƙasar Goronyo, a 1972 suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Ga sunan garinmu a littattafan duniya, amma mai son ganin ƙasusuwan da aka yi bayanin da su sai ya nemi biza.

Ga abin da zai ba 'yan'uwa mazauna Kudu sha'awa. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina, inda kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki a 1967, da wanda ake fasawa a Ewekoro ta Jihar Ogun, inda aka fara yin siminti a 1960, kusan tsara ɗaya ne, kuma dukansu ƙarƙashin teku suka taru. Richard Reyment, wanda ya yi aiki a Ma'aikatar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, daga baya ya zama shaihun malami a Jami'ar Badun daga 1963 zuwa 1965, ya daɗe yana nazarin wasu 'yan halittu da ake kira ostirakod. Dangin jatan lande ne, amma ƙanana ƙwarai, kowanne yana cikin ɓawo mai murfi biyu kamar ƙwayar wake da aka tsaga. Ya ga akwai ire-iren da ake samu a Kudu, a kuma same su a Sakkwato, har can Libiya. Daga nan aka ƙarfafa maganar cewa ruwan arewa da na kudu sun taɓa haɗuwa. Masanan Nijeriya irin su Cornelius Kogbe, wanda ya yi rubutu mai yawa kan kwarin Sakkwato, da Sunday Petters, wanda ya duƙufa kan wasu ƙananan halittun da ake kira foraminifera, sun ci gaba da aikin. Ba su zama baki ɗaya ba kan ta inda ruwan ya bi da lokacin da ya haɗu, kuma kwarin Bida, maƙwabcin Izom, yana cikin wuraren da ake gardama a kansu. Watau lebura Bahaushe da ke sauke buhun siminti a Agege, mai yiwuwa toka ce ta dangin halittun da ke kwance a bayan garinsu yake ɗauka a ka.

Yadda ake aikin ba wani sihiri ba ne. Ana samun gutsuren laka mai falle-falle ko farin dutse mai taushi, a farfasa shi kamar girman gyaɗa, a shanya ya bushe sarai. Wata tsohuwar dabara ita ce a jiƙa shi a kananzir, a tsiyaye, sannan a zuba ruwan zafi. Ruwan zai kori kananzir daga ƙofofin dutsen, dutsen ya ruguje ya koma taɓo. Sai a wanke taɓon a rariya mai laushi ƙwarai. A ɗakin bincike ana amfani da mai idon da bai kai kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Abin da ya rage a rariyar, in ya bushe, kamar yashi yake a ido. A barbaɗa kaɗan a kan baƙar takarda, a kunna madubi, sai ga waɗansu kamar katantanwa, waɗansu kamar zangarniyar masara, waɗansu kamar ƙwayar wake, wani lokaci har da ɗan haƙorin kifi. Da siririn burushi mai laima ake tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaukar hoton ne ke buƙatar haƙuri. Abu na farko, kada mai saye ya ruɗu da abin da aka rubuta a kwali. Sau da yawa za a ga an sa sau 1000 ko 1600, alhali ainihin ƙarfin gilashin bai kusa da haka ba; buɗa hoton kawai ake yi ya cika allo, ba tare da ƙarin bayani ba. Wannan bai ɓata aikin ba, domin ostirakod da foraminifera ba sa bukatar fiye da sau 20 zuwa 100. Na biyu, 'yar ƙafar roba da ake sayar da madubin da ita tana rawa, ko numfashi aka yi hoton ya gurɓace, saboda haka gara a kai wa mai walda ya yi masa tsayayyar ƙafa ta ƙarfe. Na uku, fitilun da ke zagaye da bakin madubin suna haska abu daga sama, su shafe zanen jikinsa ya zama fari fat. Masu gwaninta kashe su suke yi, su haska da tocila daga gefe, su tare hasken da farar takarda don ya yi laushi. Zanen nan na jikin ɓawo kuwa da shi ake bambanta iri da iri.

Sauran matsala ɗaya. In aka ƙara girman abu, wani sashe kaɗan ne ke fitowa tangaran, sauran ya yi hazo. Maganinta shi ne a ɗauki hoto 10 ko 20 na abu ɗaya ba tare da an motsa shi ba, kowanne ana ɗan murɗa madubin daga sama zuwa ƙasa, sannan manhajar kwamfuta ta tsinci wurin da ya fito sosai a kowane hoto ta haɗa su wuri ɗaya. Akwai na kyauta irin su Picolay da CombineZP. Kuma dole a ɗauki hoton ma'auni, ko da rula ce mai milimita, a daidai wannan ƙarfin, in ba haka ba babu wanda zai san girman abin.

Me ya sa wannan ya shafi yaran Arewa? A watan Oktoba na 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar samun mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma an daɗe ana maganar neman mai a kwarin Bida da na Sakkwato. Duk rijiyar da aka haƙa, akwai wanda ke zaune yana duba ɓarɓashin dutsen da ke fitowa, yana faɗa wa masu haƙa shekarun shimfiɗar da suka kai da irin ruwan da ta kwanta a ciki. Wannan sana'a ce, kuma ba a koyonta daga zanen allo. Ana koyar da ilmin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Jami'ar IBB ta Lapai, amma ajin da ɗalibai suka yi yawa, layi ake bi kafin a leƙa madubi ɗaya. Na allo kuwa duk aji ke kallo lokaci guda, kuma ɗan kasuwar da ke Sabon Badun ko Mile 12 zai iya saya wa ɗansa ba tare da ya taɓa jari ba.

Sai dai yana da iyaka. A kwarin Bida yawancin abin da masana ke dogaro da shi ƙurar furanni ce ta tsoffin itatuwa, wadda ta fi waɗancan ɓawo ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Fitar da ita sai da ruwan asid mai haɗari, ganinta kuma sai da madubin ɗakin bincike na gaske. Ɗalibin Minna ko Lapai da ke son amfanin ɗan madubinsa, gara ya nemi abokin karatu daga Wurno ko Dange ya taho masa da ƙunshin laka bayan hutu, tare da takardar da aka rubuta sunan wurin, da ranar da aka ɗebo, da tsawon inda aka ɓantaro daga gindin gaɓa.